Sa hannu ko dangwale: me za a koya wa ma'aikatan zaɓe?

Mushe Idi: Assalamu alaikum ƴan zaure. Jiya bayan Isha'i mun daɗe a waya da Habibu, ɗan yayata da ke Amurka, yana ba ni labarin wani horo da aka yi musu na aikin zaɓe. Wai aikin nasu guda ne tak: a ajiye musu sa hannun mutum, su duba, su ce nasa ne ko wani ya yi masa. Na kwana ina juya maganar. Ni nan Nijar sau uku ina riƙe shugabancin biro, wato runfar zaɓe, 2011, 2016 da 2020. An koya mana rufe akwati, an koya mana ƙirga, an koya mana cika PV, wato takardar sakamakon biro. Amma lis ɗin nan da kowa ke sa hannu ko ya dangwala gaban sunansa, iyakacinmu da shi mu miƙa bik mu ce “nan”. To in Allah ya kawo ranar da za a koma ga akwati, ya kamata a sa wannan darasi cikin formasiyon ma'aikatan biro, ko kuwa zanen aro ne da ba ya rufe katara?

Abdu Mai Waya: Wa alaikumus salam Mushe. Wane akwati kuma? Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kowa ya san inda anka kwana, jam'iyyun ma an rushe su a Maris 2025. Ana ta kai wa ka ta kaya.

Sarkin Zaure: Abdu, na hango inda ka dosa, tsaya nan. Ba a siyasa a zauren nan. Maganar aiki Mushe ya kawo, a tsaya a kanta.

Mushe Idi: Ai shi ya sa na kawo ta yanzu, Abdu. In iskar kamfe ta taso ba wanda zai saurari zancen bik da tawada. Rumbu da rani ake gyaransa. Habibu, kana kusa? Zo ka faɗa musu da bakinka.

Habibu: Ga ni, Kawu. Ina gaida iyayena da yayyena. A nan jihar Kolorado, tun 2013 ba dole sai ka je runfa ba. Ana aiko wa mai rajista takardar ƙuri'arsa har gida ta gidan waya. Ya cika, ya sa cikin ambulan, ya sa hannu a bayan ambulan, ya mayar. Kun ga ba wanda ya ga fuskarsa, ba wanda ya karɓi katinsa. Sa hannun nan shi ne fuskar. Kafin a ɓare ambulan sai an gwada shi da wanda ke ajiye cikin kwamfuta, na lokacin rajista ko na permin tuƙi. In sun yi daidai sai a raba ambulan da ƙuri'a, don kar a san wa ya zaɓi wa. In kuma mai dubawa ya yi shakka, ba shi da ikon yankewa shi kaɗai. Sai mutum biyu ƴan jam'iyyu daban daban sun haɗu a kan cewa bai yi kama ba, sannan a ajiye ta gefe. Nan ma ba a gama ba. Ana aika wa mai ita saƙo, yana da kwana takwas bayan zaɓe ya tabbatar tasa ce. Jihar Oregon ta riga mu, su zaɓen shugaban ƙasa na 2000 ma ta gidan waya suka yi shi gaba ɗaya.

Ɗan Tasawa: To ai magana ta ƙare tun ba a fara ba. Su ba sa ganin mutum, dole su kama sa hannunsa. Mu mutum na tsaye gabanmu, ga kati mai hoto a hannunsa. A rajistar 2020 an ɗauki hoto, an ɗauki zanen yatsu, mutane wajen miliyan 7.4. Kuma Mushe, a lis ɗin da ake ba ku akwai tsohon sa hannu da za ku gwada sabon da shi? Babu. Ka koya wa mutum awo, ka hana shi tiya, me zai auna?

Mushe Idi: Wannan gaskiya ne, babu. Suna ne, da gurbi fari gabansa.

Baba Alasan: Jikata ka rubuta mani, ni ke faɗi. A garinmu can ƙasar Madarunfa, in anka yi zaɓe masu riƙa bik ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mushen lakwal, yaron gidan likita, da wasu samari. Saura duk dangwale. Shi kuma dangwalen in kun gani, baƙin tabo ne kamar an zubar da tawada. Zaɓen ga na Disamba 2020 ya zo bayan an gama girbi da cirar gujiya, yatsan manomi ya goge sarai, ba zane ko ɗaya. Mata kuwa ga lalle, ga sanyin hunturu ya tsattsage hannu. Wa zai karanta wanga? Mu abin da munka sani, mai gari na zaune, delege, wakilin jam'iyya, ɗan gari ne, in baƙo ya shigo layi kowa ya gane shi tun daga bakin rijiya.

Nana Ƴar Jami'a: Baba, ƙauye ke nan. Cikin Maradi fa? Je ka Zariya ko Ali Ɗan Sofo, maƙwabci bai san maƙwabci ba, ƴan haya yau sun zo gobe sun tashi. Wanda ya san kowa tun daga bakin rijiya babu shi a nan. Kuma mu yaran yanzu duk muna sinye.

Baba Alasan: Amarya, kin shigo? To sa hannun naki nawa ne, faɗi gaskiya.

Nana Ƴar Jami'a: Kai Baba, ka tona ni. Uku ne. Na katin shaidata tun ina ƴar sakandare, suna ne kawai da layi ƙasansa. Na jami'a ya fi ado. Na banki kuma na manta yadda na yi shi, ranar da na je ciran kuɗi sai da na yi sau huɗu.

Hajiya Rabi: Nana ta kawo ni inda nake jira. Ku yi haƙuri zan tsawaita. Shekara 19 na yi a gishen banki kafin in yi ritaya, duban sa hannu shi ne tuwona. Abin da sabon ma'aikaci ke fara yi, kuma kuskure ne, shi ne ya bi harafi harafi yana neman inda suka saɓa. Wanda ya nemi saɓani zai same shi a kowane cek, domin ba mahalukin da ke sa hannu sau biyu su fito iri ɗaya sak. Gwada yanzu, ɗauki kaye ka yi sau goma ka gani.

Abin da ake dubawa tafiyar hannu ne. Ina rubutun ya karkata, dama ko hagu? Harafin farko ya ninka sauran tsawo sau nawa? Daga ina bik ya fara, a ina ya tashi, sau nawa aka ɗaga shi? Ya bi layi ko yana hawa tudu? Sannan sauri, wanda shi ne uban duka. Mai sa hannunsa ba ya tunani, hannu ne ke gudu, shi ya sa ƙarshen layin ke siraɗewa kamar wutsiyar ɓera. Mai kwaikwayo kuwa zane yake yi, ido na kan na asali, hannu na rarrafe. Sai ka ga layin ya yi kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, yana ɗan rawa, ya fara da dunƙule ya ƙare da dunƙule, wani wuri an tsaya an sake ɗorawa. Wata dabara da wani tsohon ma'aikaci ya koya mani: juya takardun biyu ƙasa ta koma sama. Da ka daina karanta suna sai idonka ya fara ganin siffa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Rawar hannu ta ɓarawo da rawar hannu ta tsufa, sabon ido ba ya raba su. Akwai wani dattijo ɗan kasuwa da na sani shekara da shekaru, hawan jini ya taɓa masa gefe guda. Ranar da ba na nan wata yarinya ta mayar masa da cek ɗinsa gaban jama'a, ta ce ba hannunsa ba ne. Bai yi faɗa ba. Ya ninke takardarsa ya sa aljihu, bai ƙara tako wurin ba. A banki in ka yi haka ka rasa mai ajiya. A zaɓe kuwa ɗan ƙasa ka kora daga haƙƙinsa, kuma ba gobe, sai bayan shekara biyar.

Maman Husaina: Hajiya kin faɗi gaskiya. A asibiti muna gani, mai ciwon suga da idonsa ya fara dushewa, ko wanda aka sa wa ƙarin ruwa a hannun dama, in ya sa hannu a takarda kamar kaza ta yi tono.

Abdu Mai Waya: To ni dai ban yarda abin na da wuya haka ba. Sa hannun jabu ai ko yaro ya gane shi.

Hajiya Rabi: Madalla. Abdu, ba ni minti goma.

Hajiya Rabi: Ga hoto nan na sa. Na sama, wanda na kewaye, sa hannun Alhaji ne na asali, na rufe rabin sunan da takarda don kar wani ya yi mana aika-aika. Na ƙasa guda biyar ne, na ba su lamba. Wasu nasa ne, wasu autana ya yi. Kowa ya faɗi wanne ne jabu.

Abdu Mai Waya: Lamba 4. Ko makaho ya shafa ya san ba shi ba ne. Dubi yadda ya karkace.

Ɗan Tasawa: 4 da 1.

Nana Ƴar Jami'a: Ni ma 4. Lamba 2 kam nasa ne, kamar an yi fotokopi.

Mushe Idi: Na juya wayata ƙasa sama yadda kika ce. Lamba 2 na ba ni tsoro, kyansa ya yi yawa. Amma 4 ma ban natsu da shi ba.

Habibu: Ni na yi shiru, Hajiya, kar a ce na ci da zuci.

Hajiya Rabi: Lamba 4 Alhaji ne da kansa. Yana tsaye bakin ƙofa zai fita masallaci na tare shi, ya ɗora takardar kan gwiwa ya yi. Lamba 1 ma shi ne, a zaune. Jabun su ne 2 da 5. Lamba 2 auta ya ɗora takarda kan gilashin taga ya bi sawun na asali, shi ya sa Nana ta ga kamar fotokopi. Duk sa hannu biyu da suka hau kan juna daram, ɗaya bin sawu ne. Lamba 5 kuwa ba wanda ya ko ambace shi cikinku. Kun kori mai gida, kun buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Abdu Mai Waya: Na sha ƙasa. Amma Hajiya ki sa ido kan autan nan.

Habibu: Abin da ya faru yanzu a zauren nan shi ne ake ta rigima kansa a nan. A jihar Washinton, ofishin mai binciken ayyukan gwamnati ya fitar da rahoto a 2022 kan zaɓen 2020, ya nuna ƙuri'un baƙar fata an fi mayar da su, ninki huɗu na na fararen fata, kuma matasa sun fi manya shan wannan matsala. Dalilin matasa irin na Nana ne, hannunsu bai zauna ba tukuna. A ɗaya gefen kuma, bayan zaɓen 2020 da aka yi ta zargin maguɗi a Jojiya, an sake duba ambulan sama da dubu 15 a gundumar Kob, ba a samu ƙuri'ar jabu ba. Duk da haka a 2021 jihar ta sauya doka, ta bar gwada sa hannu ta koma neman lambar katin shaida. Wato su masu abin ma ba su gama yarda da shi ba.

Ɗan Tasawa: Ka ji ko, Mushe? Mai zane ya yar, kai kana so ka ɗaura.

Ɗan Jibiya: Ku bar ni in sa baki a matsayin maƙwabci. Mu a Najeriya mun bi ta na'ura. A 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, aka kawo na'urar karanta kati. In ta ƙi karanta yatsa sai a cika wata takarda a bar mutum ya jefa, kuma ta wannan ƙofa aka yi ta kuka. Daga baya aka kawo wata na'ura, BVAS, aka yi babban zaɓen 2023 da ita, tana duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska. Ta rage wasu abubuwa, ba zan yi ƙarya ba. Amma hayaniyar 2023 ba a kan wanda ya tsaya layi aka fi yin ta ba, a kan takardar sakamako ce da ɗora ta a intanet. Kun toshe ramin ɓera, kura ta bi ta ƙofa.

Baba Alasan: Ku tuna 2016 kuma, da anka bari wanda ba shi da takarda shi jefa in mutum biyu sun shaide shi. An yi ta ce-ce-ku-ce har a rediyo. Ni ban ga laifin shaida ba in mutanen kirki ne. Aure ma da shaidu ake ɗaura shi, ba da sa hannu ba.

Nana Ƴar Jami'a: Aure ɗaya ake ɗaurawa, Baba, kuma ana cin goro a watse. In mutum biyu suka tsaya bakin biro tun safe suna shaidar duk wanda aka sauke daga mota fa?

Habibu: Baba zai ji daɗin wannan: a Kolorado ma wanda ba ya iya sa hannu yana yin alama, wani ya sa hannu a matsayin shaidarsa.

Baba Alasan: Ashe Nasara ma ya dawo hanya.

Isa Sakatare: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ni a ganina duk kuna duban sa hannun da ba shi ne matsala ba. Sa hannun mai zaɓe ƙuri'a ɗaya ke bayansa. Akwai sa hannun da ƙuri'a ɗari uku ko ɗari huɗu ke bayansa, shi ne na ƙasan PV. Akwati ba ya zuwa Yamai, takardar nan ce ke tafiya. Kotun tsarin mulki da ta tabbatar da sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Maris 2021, kashi 55.66 da 44.34, takardu ta duba, kuma ta soke na wasu runfuna. To wa ya taɓa koya mana kula da waɗannan sa hannun?

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana, ba zan faɗi wuri ba. Ina sakatare a wani biro na ƙauye. La'asar ta yi, ba a ko rufe ba, sai wani delege ya matso ya ce in ba shi PV ya sa hannu tun yanzu, babur ɗin da zai mayar da shi gida ba ya jiran dare. Na biyu ya ji, shi ma ya ce haka. Ba mugunta suke nufi ba, gajiya ce da yunwa. Shugaban biro dattijo ne mai kunya, har ya fara laluben takardar. Na ce Malam, in suka sa hannu a farar takarda, duk lambar da aka rubuta bayan tafiyarsu sun shaide ta ke nan. Aka yi ta ja, ɗaya ya yi fushi ya tafi bai sa ba. Da muka gama ƙirga da fitilar hannu, sai wani cikinmu ya ce kar a bar gurbin nan fari, kar can sama su ce takardarmu ba ta cika ba, bari ya yi masa. Ya ɗauki bik zai zana. Wallahi da zuciya ɗaya. Sai da na dafe takardar.

Wannan shi ne jabun da ke yiwuwa a wurinmu. Ba ɓarawo ne mai wayo ba, mutumin kirki ne da ke tsoron gurbi fari.

Mushe Idi: Isa, ka taɓa mani inda ke ƙaiƙayi. Ni ma na ga irinsa, kunya ta hana ni faɗi. Har da asesa, wato mataimaki a biro, da ba ya iya rubutu, ɗan uwansa ya yi masa, alhali ga tawada nan da zai dangwala.

Hajiya Rabi: To nan kam aikina zai yi amfani, domin nan ana iya samun tiyar da Ɗan Tasawa ya ce babu. A banki ranar da ka buɗe asusu ake ba ka kati ka sa hannu, shi ake ajiyewa. Me zai hana da safe, kafin mai zaɓe na farko ya shigo, duk ma'aikatan biro da delege su sa hannu sau uku uku a takarda guda, gaban juna, da suna da lambar kati? Wanda ba ya rubutu ya dangwala. Takardar ta bi PV cikin ambulan ɗaya. Masu tattara sakamako a komin su ne za a koya wa duba. Su ba su da yawa, masu ilimi ne, ana iya zaunar da su kwana biyu ko uku a ba su ɗaruruwan misalai irin wanda na yi muku yau. Ido da maimaici yake koyo, ba da lacca ba.

Ɗan Tasawa: Wannan na fi yarda da shi. Don lissafa: runfuna kusan dubu 26 aka yi a 2020, kowace da shugaba, sakatare da asesa uku. Mutum dubu ɗari da talatin ke nan. Wa zai mayar da su Hajiya Rabi cikin wuni guda? Sai dai a ba su rabin ilimi, su je su riƙa korar tsofaffi.

Abdu Mai Waya: Kuma rabin masu zuwa formasiyon perdiyam ya kawo su. Ana bayani suna lissafin jaka nawa za a ba da, da ƙarfe nawa za a kawo shinkafa.

Maman Husaina: Kar ka raina su, Abdu. Mutum ya bar gonarsa ko shagonsa, ya wuni tun asuba har tsakar dare kan bencin yara. Ka manta ranar 21 ga Fabrairu 2021 ma'aikatan zaɓe bakwai suka rasu a jihar Tilaberi, motarsu ta taka nakiya? Allah ya jiƙansu. Wanda ya karɓi ƴan jakunkuna a wannan aiki bai ci banza ba.

Abdu Mai Waya: Amin. Na janye, Maman Husaina, wasa ya yi mani yawa.

Malam Laminu: Ina da tambaya ga Hajiya. Ni da ajami nake sa hannu, daga dama zuwa hagu, haka ma almajiraina da yawa. An taɓa ce mani a wani ofis wai wannan ba sinyatir ba ne, in sake da boko. Na ce hannuna ne ko naka? Shin waɗannan ƙa'idoji naki suna aiki a kan ajami?

Hajiya Rabi: Suna aiki, Malam, Allah ya gafarta. Sa hannu ba harshe ba ne, sawun hannu ne. Na ga masu yi da ajami, na ga Buzaye masu yi da tifinar, na ga wanda nasa zanen takobi ne kawai. Sai dai mai dubawa ya san ta ina aka faro, in ba haka ba zai nemi wutsiyar layi a dama alhali tana hagu. Kuma masu allo hannunsu ya saba da alƙalami da tawada, suna dannawa a hankali, sabon ma'aikaci zai iya ɗaukar natsuwar nan a matsayin rarrafen mai kwaikwayo. Dole misalan horo su fito daga hannun mutanenmu. In aka kwaso na Kolorado aka nuna a tablo, an yi aikin baban giwa.

Nana Ƴar Jami'a: Kuma da Hausa. Tunda kundin mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ban ga dalilin da za a tara mutanen Gidan Runji ko Mayayi a yi musu bayani da Faransanci, su gyaɗa kai, a fito kowa na tambayar na kusa da shi me aka ce ba.

Isa Sakatare: Hajiya, akwai rami ɗaya a shawararki. Delege ya ga ɗan takararsa ya sha kaye, sai da gangan ya murɗe sa hannunsa na dare ya bambanta da na safe. Gobe jam'iyyarsa ta ce an yi masa jabu, a soke biron. Kin ba shi wuƙa ke nan.

Hajiya Rabi: Ana yi, mun ga masu yin haka da cek don su musanta bashi. Mai ɓad da hannunsa yawanci harafin farko yake sauyawa da karkata, amma tazarar haruffa da inda yake ɗaga bik suna tona shi. Sai dai ban ce kowa zai gane ba. Shi ya sa na dare ma a yi shi gaban kowa, ya sa hannu ya kuma dangwala kusa da shi. Kuma saɓanin sa hannu kaɗai kar ya soke biro. A kira mutumin a tambaye shi, kamar yadda su Habibu ke ba da kwana takwas.

Ɗan Tasawa: A kira shi daga ƙauyen Dakwaro ko Bermo, inda sai ka hau tudu kake samun rezo, kuma ƙasa duka na jiran sakamako? Kwana takwas ɗin nan a wurinmu ai sai an ƙona taya.

Isa Sakatare: Nan kam ban da amsa.

Mushe Idi: Ni ma haka. Amma akwai wata takardar da ba mu taɓa ba, ta wakilci, wadda marar lafiya ke ba wani ya jefa masa. Ita ce ta fi kama da ambulan ɗin su Habibu, don mai ita ba ya nan, takarda ce ke magana a madadinsa. In aka miƙo mani ita hatimi nake dubawa, ban taɓa tsayawa kan sa hannun ba.

Sarkin Zaure: Dare ya yi, jama'a, wasu na da aji da safe. Mushe, ka ajiye ta wakilcin nan zuwa gobe.

Hajiya Rabi: Kafin a rufe. Asabar bayan La'asar ina gida. Duk mai so ya zo da bik ɗinsa da kaye, mu yi gwaji na gaske, mutum goma, kowa ya yi nasa ya kuma kwaikwayi na wani. Isa, ka zo da tsohon samfurin PV in kana da shi. Malam Laminu, ina son ajami biyu ko uku.

Malam Laminu: In sha Allahu. Zan zo da yaro ɗaya mai hannun hagu, mu ga yadda za ki yi da shi.

Baba Alasan: Ni ƙafa ba ta kai ni Maradi ranar Asabar. Amma zan aiko da dangwale biyar a takarda ta hannun direban Ɗan Isa, biyu nawa ne, ɗaya na tsohuwa da lallenta. Amarya ta faɗi wanne ne wanne.

Nana Ƴar Jami'a: Na karɓa, Baba. In na ci me zan samu?

Baba Alasan: Tiya biyu ta gujiya. In kin faɗi kuma ke ka biyan kuɗin mota.

Abdu Mai Waya: Hajiya, autan zai kasance? Ina so in zauna nesa da shi.